Bincike Sau Ɗaya Ake Jefawa

Ramlat ta tarar da Zakiyyu a zauren gidansu na Kibiya, yana jujjuya ɗan ludo mai lamba ɗaya zuwa shida a tafinsa. Da ɗan ludon nan suka saba wasan labari duk Asabar, su da abokansu: wanda jaruminsa a cikin labarin zai binciko sirri sai ya jefa, girman lambar shi ne girman abin da zai gano.

Wata uku rabonta da shi, tun da kawunnansa suka zo daga Rano binciken aure, suka ji kakanta mahauci ne, shi kuma ya ɗauke ƙafa.

"Na shawo kan Baba," ya ce, idonsa a ƙasa. "Za a sake bincike."

Ta kafe shi da ido har hannunsa ya tsaya.

"Malam Zakiyyu, ranar da na jefa ɗaya, na roƙe ka in sake, wace doka ka kafa mana?"

Ya haɗiye yawu. "Bincike sau ɗaya ake jefawa."

"To, ni ma na jefa nawa a kanka." Ta juya za ta shige gida. "Shida ce ta fito. Babu abin da ban gani ba."