Akori-kura da Jif a Bakin Fadama

Kwana da kwanaki maganar motar Hambali ta hana ni sakat. Ɗana ne na fari, an ba shi aikin yi wa shanu allura a rugagen bayan kogi, inda kwalta ba ta kai ba, ga damina ta kankama. Motoci biyu dillali ya kawo masa. Ɗaya baƙar jif ce, rufaffiya, mai duhun gilashi, kana ganin fuskarka a jikinta. Ɗayar kuwa tsohuwar akori-kura, fenti duk ya koɗe, ƙofar direba ma sai an ɗaga ta take rufuwa. Yaron nan ya tsallake jif ya ce shi tsohuwar yake so. Ni kuwa ba abin da nake gani a raina sai ta mace masa a tsakiyar daji, shi kaɗai, waya ba ta shiga. Har na yi niyyar in ce masa ban yarda ba, na kuma san in na furta ba zai ƙetare ba. Kafin in furta ɗin, sai na je wajen Baffa Tanimu, ƙanin mahaifina, na zazzage masa cikina.

Ya bari na gama tas, sannan ya ce, "Ke dai Asabe, tun kina yarinya in kaza ta yi tari sai kin hana gida zaman lafiya. Gyara zama ki ji."

Ya ce an yi waɗansu fatake biyu masu bin kasuwannin ƙauye suna sayen riɗi, ɗaya da jif, ɗaya da tsohuwar akori-kura. Mai akori-kura ya san halin abarsa: in bayanta ba nauyi, da ta taka taɓo sai tayoyin baya su yi ta sulɓi. Saboda haka ba ya wuce mai tafiya a ƙasa. Mata masu tallar nono da ƙorensu, manomi da garmarsa, tsoho da akuyar da zai kai kasuwa, duk sai ya taka birki ya ce su hau. Ba wai ya fi kowa tsoron Allah ba ne, nauyi yake nema. Shi ma mai jif ba mugu ba ne. Kujerunsa ne masu laushi, wa zai ɗora akuya a kai? Kuma ko ya so ɗauka, mutanen ƙauye da sun hango baƙin gilashi sai su ratse cikin gero, don ba su san wa ke ciki ba, mai karɓar haraji ne ko wanda ya fi shi.

Rannan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, fadamar da ke kan hanya ta zama laka zalla. Jif ce ta fara isowa, da yake ta fi gudu. Ta faɗa da ƙarfinta, ta kai tsakiya, ta zauna. Mai ita ya yi ta taka totur, tayoyi huɗu suna juyawa suna haƙa wa kansu rami, har cikinta ya kwanta a laka. Ya fito ya naɗe wando, ya duba gabas ya duba yamma, ba kowa sai balbelu. Tun hantsi yake nan har rana ta take. Can sai ga akori-kura tana tahowa tana tari, bayanta danƙam da mutane. Ita ma ta shiga, ita ma ta kafe, don laka ba ta duba shekarun mota. Amma kafin direba ya buɗe baki, mutane sun dire. Manomi ya saro rassan kalgo ya cusa ƙarƙashin tayoyi, matan nono suka ajiye ƙore a kan tudu suka ci ɗamara, aka sa kafaɗa, aka yi kabbara, ta fice tana fesa musu laka suna dariya. Sai tsohon nan mai akuya ya waiwaya ya ce, "To wancan bawan Allah fa? A nan za mu bar shi ya yi tsiro?" Suka koma, aka ɗaura igiya a gindin tsohuwar motar, suna turawa tana ja, har jif ta hau tudu.

Baffa ya ce, "Asabe, ba motar da ba ta kafewa a daji. Abin da za ki tambaya shi ne, in ta kafe, wa ke bayanta?"

Wallahi sai na ji kamar an sauke min dutsen niƙa daga ƙirji. Da na koma gida na kira Hambali, na ce ya faɗa min gaskiya, me ya gani a jikin wannan gwangwani? Ya yi dariya ya ce, "Inna, makiyayan da zan yi wa aiki su za su riƙa nuna min hanya. In wani ya zo da ɗan maraƙi marar lafiya, a kan cinyata zan ɗora shi?" Na ce ya je ya karɓo ta, Allah ya yi albarka, ya tsare gabansa da bayansa.

Abu ɗaya ne ya rage yana ɗan sukata. Zamani ya canza, ba kowa ake tsaya wa a hanya ba. Ku da kuka san hanyoyin nan, in ce masa ya ɗauki wanda ya sani kawai, ko in ja bakina in bar shi da Allah da hankalinsa? Ku ba ni shawara. Amma dai cewa ya rufe gilashi ya tafi shi kaɗai, wannan kam na fasa, don Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.