Ƙwarya ta Goma Sha Bakwai

Tunda ka shigo kana nuna mini waya, wai mutum ɗari uku sun ambaci bincikenka, to barka, Allah ya ƙara. Amma kife ta tukuna, in ba ka misalin wani da ya riga ka bin wannan hanya.

An yi wani masani, gwani a ilimin garkuwar jiki da na ƙananan halittun nan da ke zaune cikin hanjin ɗan Adam, waɗanda ido ba ya gani. Maraya ne, gwaggonsa ce ta raine shi tare da ɗanta, taubashinsa, wanda ba ya kiransa sai da "bawana". Ƙwaryar kindirmo ɗaya gare ta, ta yi baƙi don tsufa. Kullum in ta dafa madara ta huce, sai ta zuba ludayi guda na jiya a ciki ta rufe da faifai. Haka ta gada wurin uwarta, irin bai taɓa yankewa ba. Da yaron ya kai ga digiri na uku, sai ya bi ƙauyuka yana ɗibar nono a 'yan kwalabe, ya haɗa da na gida. A cikin na gwaggon ne ya gano wata ƙwaya wadda in ta zauna a hanjin ɓera sai garkuwarsa ta yi ƙarfi, zawo ya kasa kayar da shi. Ya rubuta, duniya ta ɗauka. A takardar kuwa gwaggo ba ta da suna, lamba ya ba ta: ƙwarya ta goma sha bakwai.

Ka fi ni sanin al'adarku, kamar isnadin hadisi take. Duk wanda ya ɗora bincikensa a kan naka dole ya ambace ka, na'ura kuma tana ƙirgawa. Aka ɗauki masanin nan aiki a wata ƙasa mai sanyi. Takarda ɗaya ta zama goma, goma ta zama ɗari da ashirin, ambato ya haura dubu tara. Kafin ya kurkure baki da safe sai ya duba lambar. Ƙwayar kuma ya kulle ta a firizar ɗakin bincikensa, ya yi rowarta, don kowa ya biyo ta hannunsa. A tsaye yake cin abinci, gaban taga, shi kaɗai. Dubban mutane sun rubuta sunansa, amma a duk garin babu mai furta shi daidai, gutsure shi suke yi. Kaɗaici yana cinsa, ya kuma san yana cinsa, maganin da ya sani kawai shi ne ƙarin takarda. Abin da ke ba ni haushi, shi ne fa da hannunsa ya rubuta cewa ɓeran da aka raina cikin akwatin gilashi, tsaf-tsaf, babu ƙwaya ko ɗaya a cikinsa, ya fi kowane ɓera saurin faɗuwa in cuta ta zo. Ya rubuta, bai karanta ba. Gwaggo ta yi ta aiko da murya ta waya tana tambayar yaushe zai zo, yana cewa bayan taro. Har ranar da ta rasu yana wurin taro, daga can ya tura ta'aziyya, layi uku.

Ana nan, a wani dogon hutu firizar ta mutu, ba wanda ya lura sai da wari ya tashi. Ƙwayar ta tafi, ga rabin aikinsa a kanta yake tsaye. Sai a ranar ya tuna da hanyar gida, bayan shekara goma sha tara. A ransa yana cewa ai ƙwarya tana nan, wani ya ci gaba da ita. Ya isa da hantsi da 'yan kwalabensa a jaka, ya yi sallama a ƙofar gidan da ya yi rarrafe. Wata mata da bai sani ba, matar taubashin nasa, ta amsa daga ciki: "Wa za a ce?" Ya faɗi sunansa. Ta ce, "Na ina?"

Taubashin ya fito, ya yi furfura. Masanin ya tsaya yana jiran a ce "bawana ya dawo", har ya tanadi ramuwa. Sai mutumin ya rusuna, ya ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe," ya shimfiɗa masa sabuwar tabarma a zaure, inda ake sauke baƙi. Da aka gama gaisuwa masanin ya tambayi ƙwaryar, sai aka ɗauko ta daga gindin rumbu, a tsage, da sauran dusar kaji a ciki. Taubashin ya ce, ba tare da zafi ba, "Har gwaggonka ta kwanta ciwo tana ware maka ludayi guda, ko za ka zo. Ai irin nan kullum ake sabunta shi, ranka ya daɗe. In an bar shi, shi ke nan."

Aka kawo masa ruwa a kofin baƙi, aka koma ciki aka bar shi ya huta. Yana jin dariyar mutanen gidan ta bayan katanga, babu muryar da ya gane. Wayarsa ta motsa a aljihu, wani a wata nahiya ya sake ambatonsa. Bai ciro ta ba. Ya zauna rungume da ƙwaryar, tun rasuwar gwaggo sai a ranar ya yi mata kuka.

To ɗauki wayarka. Amma kafin ka sake duba lambar, duba wanda ya kira ka ba ka mayar ba, don Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce: kowa ya bar gida, gida ya bar shi.