Hannun da Sallau Ya Ɗaga

Tun da ƙananan jiragen sama suka karɓe haya a Kano, doka ɗaya kowa ya sani: in fitilar gaban direba ta yi ja, babban jirgi na sauka, sai ka dakata.

Gwaggo Tasalla ta hau na Sallau daga Kurna, za ta kai wa 'yarta mai jego kwanon kunun kanwa a 'Yankaba. Suna dosar filin jirgi ta lura ya kifa hularsa a kan fitilar. Jan haske na leƙowa ta saƙar zaren.

"Yaro, wancan ba ja ba ne?"

"Kullum ja take, Hajiya. In na biye mata, kununki sai ya kwana a sama."

Sai inuwa ta rufe su. Kwanon ya kama rawa a cinyarta, kunu na zuba mata a zane, ba ta ko ji zafinsa ba. Sallau ya zura hannu ta taga ya ɗaga, yadda ya saba roƙon masu tirela hanya lokacin yana tuƙa a-daidaita-sahu.

Babban jirgin ya wuce ta kansu, har tana iya ganin laka a tayoyinsa.

Sallau ya goge zufa. "Kin gani? Ya gan ni, ya ɗaga mana ƙafa."

"Wa ya gan ka?" in ji Gwaggo Tasalla. "Jikana a filin nan yake shara. Ya ce tun bara ba a zaunar da matuƙi a gaban manyan jiragen nan."

Sallau ya janye hularsa daga kan fitilar. Fitilar dai ba ta daina ja ba.