Lasifika Huɗu a Bakin Daji

Nasidi ya buɗe bonet a gaban shagon Muhtari Rewaya a Ƙauran Namoda, warin ƙonanniyar roba ya bugi hancin kowa.

Muhtari ya leƙa, ya ja tsaki. Inda fiyus ya kamata ya zauna sai ga zaren waya an nannaɗe, aikin direbobin haya idan fiyus ya ishe su da tsinkewa. Ga amfilifaya irin ta masu kiɗan biki a but, ga lasifika huɗu a kan rufi, duk an rataya su a batir ɗaya da wata siririyar waya kamar taliya.

"Malam, ka aza wa jaki kayan raƙumi," in ji shi. "Allah ya so ka, da motar duka ta kama. Tallar magani ce ko siyasa?"

Nasidi ya girgiza kai. Ya cire hula, ya zaro ɗan memori da ya ƙulle a leda, ya sa a wayarsa. Muryar wata tsohuwa ta fito tana rawa: "Faruku, ni ce Inna. Ka biyo muryata ka hito, ɗana." Maganar ba ta ƙare ba, amma ya yi wuf ya kashe.

Wata takwas ke nan, in ji Nasidi, tun ranar da mahara suka faɗa ƙauyensu a bayan Moriki, ƙanensa Faruku bai sake kwana a gida ba. Lambarsa ba ta shiga. Wani da ya tsero ya rantse ya gan shi a dajin da ke bayan Zurmi. Inna kuwa tana kwance. Kwana tara da suka wuce ta yi wannan magana, washegari bakinta ya rufe. Sau biyu yana kai motar bakin daji, sau biyu muryar tana mutuwa da ta kira sunan.

"Nawa sunka nema?" Muhtari ya tambaya.

"Ba su nemi komi ba."

Muhtari ya san ma'anar haka. Wanda ba a nemi fansarsa ba, ko ya gudu yana yawo a daji ba ruwa ba hanya, ko kuma abin da baki ba ya son faɗi. "Allah shi kuɓutar da shi," ya ce.

"Amin," in ji Nasidi, idonsa a ƙasa.

Nan take Muhtari ya sallami motoci biyu da ke jiransa, masu su na ta ƙorafi, ko a jikinsa. Ƙaramar altanetar motar, mai cajin batir, ba za ta iya ciyar da wannan dodo ba, sai babba, ta motar ɗaukar kaya. Duk Ƙaura babu. Sai da suka dangana da Shinkafi suka samo wata a wurin masu tsofaffin kaya, ta ƙi zama a mazauninta, mai walda ya yanka ƙarfe ya yi mata kujera.

Washegari Muhtari ya ja waya mai kaurin babban yatsa daga gaba har but, ya dasa batir na biyu, ya kankare fenti ya ɗaure waya a jikin ƙarfe tsirara. Fiyus na gaskiya ya sa dab da batir, ya cillar da zaren nan a kwata. Suna tsaka da aiki Salima ƙanwar Nasidi ta kira: Inna ko kunu ba ta karɓa. Nasidi ya ajiye sufana ya zauna a ƙasa dirshan.

Da aka gwada da karatu, kwanon shagon ya ɗauki rawa, awaki suka watse. Amma akwai sharaɗi: dole wani ya danne totur yana kuma taɓa wayar ko ta yi zafi. Muhtari ya dubi mutumin nan da ya rame kamar kara, tausayi ya kama shi, ya ce shi zai yi. Matarsa ta ce ya haukace, kuma wallahi ba ta yi ƙarya ba.

A ƙauyen ƙarshe bayan Zurmi Nasidi ya yi wa dattawan gindin itacen bedi sallama. Babu wanda ya amsa, wani ma ya tofar da yawu. Haushi ya kama Muhtari. Wai har wahala ta kai mutane su daina tausayin mai neman ɗan'uwa!

Da hantsi suka tsaya inda gonakin gero da aka bari suka haɗe da kurmi. Muhtari ya danne totur. Muryar Inna ta tashi ta cika dajin. Ta kira sunan, ta wuce inda ta saba mutuwa, ta ci gaba: "Ban iya tahiya ban gan ka ba. Na yahe maka, Faruku. Ka taho."

Sau bakwai ta maimaita. Wayar ta yi ɗumi, amma ta riƙe.

Sai ƙarar babura. Sun kai goma, kowane da goyo, kowa da bindiga. Ƙafar Muhtari ta zame daga totur, bakinsa ya kama salati. Ya yi wa Nasidi ihu ya shigo su gudu, amma Nasidi ya ma ƙara matsawa gaba yana kuka.

Baburan suka kewaye motar. Na gaban ya ɗaga hannu, duk suka kashe inji lokaci ɗaya suna jiran umarninsa. Ya miƙa wa na bayansa bindiga, ya kwance rawanin da ya rufe fuska, ya ce, "Yaya Nasidi, tana da rai?"