Huɗu da Uku

Tun da aka kafa Amurka ba a taɓa zaluntar wani bawan Allah kamar Harlan Tibbets ba. Haka yake gaya wa duk wanda ya tsaya kusa da shi a layi, kuma layi ba ya ƙarewa a wannan katafaren wurin wasa na Florida. A ce mutum irinsa, mai farin gemu na gaske har ƙirji, wanda shekara goma sha shida ke nan shi ne Baba Kirsimeti na garinsu a Ohio, a kwaso shi a watan Oktoba, ana tsakar bikin Halowin na shigar dodanni, a jibge shi tsakanin kabewa da ƙwarangwal ɗin roba. Gumi ya wanke masa man gemu. Wata mata ma har ta yaba masa, wai shigar bokansa ta yi kyau.

Ƙuri'a ce ta jawo. A gidansu, duk wata babbar shawara a takarda ake rubuta ta, a ninke, a jefa cikin hula. Ranar gashin nama ta watan Yuli su bakwai suka jefa: shi da matarsa Loretta, ƙanwarta Darlene da mijinta, 'yarsu da mijinta, sai jikarsu Posy mai shekara shida. Tambayar ɗaya ce: a je wurin wasan lokacin Halowin ko lokacin Kirsimeti?

Harlan ne mai ƙirga, kamar kullum. Ya buɗe, ya duba, ya dafe kai ya ce Halowin huɗu, Kirsimeti uku. Sannan ya zuba takardun a garwashi kamar yadda aka saba, don kada a gane rubutun wani a riƙe shi a zuci.

Aka tausaya masa. Ai kowa ya ji shi yana shelar cewa saboda jikarsa zai haƙura da kujerarsa ta Baba Kirsimeti a Disamba, ya bar wa Wendell mai shagon fenti, wanda shekara da shekaru yake harin ta da gemunsa na auduga.

Sai dai Loretta da Darlene sun yi wani alkawari tsakaninsu. Mahaifiyarsu ta rasu a watan Afrilu, kuma sau ɗaya tak ta taɓa kawo su nan suna yara, lokacin Kirsimeti. Sun ce za su koma su tsaya gindin babbar bishiyar nan mai fitilu, inda aka ɗauke su hoto da ita.

Loretta ta yi lissafi: ita, da Harlan, da Posy, uku sun cika. Ashe Darlene ta saɓa. Darlene ma ta yi nata: ita, da Harlan, da Posy. Ashe Yaya ce ta saɓa. Kowacce ta rantse, kowacce ta ƙi yarda da rantsuwar 'yar'uwarta. Wata uku sai gaisuwa a tsaitsaye.

Harlan ya ce lokaci zai gyara. Da ya ga bai gyara ba, ya ƙara ƙarfin ƙorafinsa, wai ko a haɗu a kansa a yi dariya. Ba wanda ya dara. Abinci ma ya daina shigar masa, shi da ake hana wa ƙari na uku. Loretta ta ce zafin Florida ne.

A rana ta biyu wani mai shigar gawa ya leƙo daga bayan shago, Posy ta ƙwalla ƙara ta ƙanƙame ƙafar kakanta. Tun daga nan ta ƙi hawa kowane lilo. A kafaɗa ya yini yana yawo da ita, yana tsokanarta da matsoraciya, tana jan gemunsa. Da suka zo dandalin da bishiyar take tsayawa a Disamba, wata ƙatuwar kabewa suka tarar tana washe baki. Loretta ta tsaya ta daɗe tana kallon wurin. Darlene ta wuce ba ta ko waiga ba.

Rana ta uku da azahar, suna zaune a benci a inuwa, Darlene ta iso da jakarta a kafaɗa. Ta ce ta canza tikiti, da yamma za ta tashi, kuma kada a ajiye mata kujera ranar Kirsimeti, bana ko baɗi.

"Haba ƙanwata," in ji Harlan. "Ki tafi ki bar ni da wa zan yi faɗa?"

"Kai ba ruwanka, mai gemu. Kai kaɗai ne ba ka ci amanar kowa ba." Ta juya ga Loretta. "Ba zaɓin ne ya dame ni ba, Yaya. Ki dubi idona ki yi min ƙarya a kan Mama, shi ne."

Loretta ta cire tabarau tana goge shi da bakin riga, ta goge, ta sake gogewa. Shekara talatin da aurensu, Harlan ya san kuka ne ke biyo bayan wannan gugar. Darlene ta sunkuya ta sumbaci Posy, ta gyara jaka, ta yi taku biyu.

Harlan ya sauke yarinyar daga cinyarsa. Ya miƙe, ya shafa gemu, ya ga ba abin da gemu zai yi masa a nan.

"Darlene, ajiye jakar nan," ya ce, muryarsa a ƙasa. "Ba wadda ta yi wa wata ƙarya. Ni na yi ta wajen ƙirga. Na kasa jure a ce Wendell ya hau kujerata ne. Takardun nan bakwai, duka Kirsimeti aka rubuta, har da tawa."