Kyamarar da Ba Ta Ga Ƙofar Gida Ba

Tunda ka ce ka sayo kyamarar bayan mota, kuma da hannunka za ka ɗaura ta, ajiye sukudireban nan tukuna, ɗana, in ba ka misali.

An yi wani direba mai motar dakon lemo, irin mai rufaffen baya, wadda madubin tsakiya ba ya nuna maka komai sai kaya. Gidansa a ƙuryar wani lungu yake, babu wurin juyawa, kullum da baya yake fita. Da ya gaji da gogar katangar mutane, sai ya shiga kasuwar 'yan kayan mota neman kyamarar baya. Wajen zaɓe kam a yaba masa. Ya ƙi mai ƙuntataccen ido, ya ɗauki mai faɗin gani, wadda ke kwaso dama da hagu lokaci guda, ruwan sama kuma ba ya shigarta. Wajen ɗaurawa ne ya ɓata rawarsa da tsalle. Don kada a ɓalle masa ita, ya kafa ta can saman ƙofar baya, bakinta a ɗage. Da ya sa giyar baya, allon kyamarar da ke gabansa ya kawo masa lungun gaba ɗaya, har mai shayin bakin titi. Matarsa ta leƙo ta tagar motar ta ce, "Maigida, ga bakin titi ina gani, amma ban ga dakalinmu ba." Ya yi dariya ya ce, "Dakali ai ba tafiya yake yi ba. Ranar Juma'a zan sunkuyar da ita." Juma'a ta zo ta wuce, wata ma ta bi ta. Da can, kafin ya tada mota, sai ya zagaya bayanta ya duba ƙasa. Yanzu ya daina, wai allo ya ɗauke masa wannan wahalar.

Mahaifiyarsa tana zaune tare da su, tsufa ya kama ta, kunne ya yi nauyi. Wata safiya ta fito da barkonon da za ta shanya, faifan ya karkace, barkono ya watse a bayan motar, ta tsuguna tana tsincewa. Shi kuwa ya makara. Ya faɗa mota, ya dubi allo, lungu fayau, ko akuya babu. Ya saki birki. Ya ji tayar baya ta hau wani abu, ya ɗauka buhun shara ne, har ya ƙara taka mai, sai ihun matarsa ya tsayar da shi.

Ba ta rasu a ranar ba. Ƙugu ya karye, likitoci da masu ɗori suka yi iyakar yinsu, ba ta sake taka ƙasa ba. Abin da ya fi cin ransa, duk wanda ya zo dubiya sai ta riga kowa magana: "Santsi ne ya kwashe ni a bakin rijiya." Tana faɗa tana kallon bango, shi yana tsaye da kwanon kununta a hannu, alhali duk unguwa an san gaskiya. Da ya durƙusa yana neman gafararta, sai ta ce, "Tashi, ɗan nan. Ni barkonona kawai aka tattake." Kullum shi ke ɗaukarta kamar jaririya ya fito da ita ta sha hantsi. Damina ba ta ƙare ba aka kai ta makwancinta. Bayan an tashi daga zaman makoki ya taka benci, ya sassauta noti biyu, ya sunkuyar da kyamarar. Aikin bai kai shan kofin shayi ba. Har yau yana tuƙi, don akwai bakunan da ke jiran abinci, amma duk sa'ad da zai sa giyar baya sai ya fara zagaya bayan motar ya duba ƙasa.

Saboda haka in ka ɗaura taka, sa a ajiye bokiti dab da bayan motar, ka shiga ka duba. In ba ka gan shi a allo ba, ba ka gama aiki ba. Ko ka gan shi ma, kada ƙafarka ta yi ƙyuyar zagayawa. Hausawa ba su faɗa a banza ba: da-na-sani ƙeya ce, a baya take.