Garejin Mata Zalla

Da farce Mzoxolo ya fasa kan tsiron, sai ga iri ya faɗo masa a tafin hannu. Ya fasa na biyu. Iri. Ya bi tukwane ashirin da huɗun nan ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin fitilu, babu wadda ta tsira.

Shi ke nan, ta faru ta ƙare. Masu sayen wiwin ɗaka a East London ko kallon mai iri ba sa yi, sai dai a kai wa 'yan tasha su saya a wulaƙance. Ga shi shanun huɗar marigayi babansa guda biyu ne suka zama fitilun nan da fankoki da hayar wannan gareji na unguwar Mdantsane. Mahaifiyarsa MaJola ce ta kora su kasuwa da kanta a garinsu Lusikisiki. Shekara talatin tana noman wiwi a kwarin da ke bayan gidansu, da shi ta yi masa makaranta, har na ɗaka ya zo ya kashe kasuwar na gona. Ranar da ta miƙa masa kuɗin shanun, cewa kawai ta yi ya dawo mata da su kafin damina.

Abin takaicin, wallahi ya bi ƙa'ida. Vuyisile, abokinsa tun suna aikin haƙar ma'adinai, shi ya riga shi shiga harkar, shi kuma ya koya masa komai.

"Buɗe kunnenka, sabon shiga," in ji shi tun ranar farko. "Wuta za ta ɗauke, ƙwari za su zo, duk da sauƙi. Amma namijin tsiro? Ko ƙurar furensa ta shigo ɗakin nan, matan duk sun ɗauki ciki, su bar ƙarfi su koma iri. Kana ganinsa ka tumɓuke."

Guda tara ya tumɓuke. Ya liƙe taga, ya toshe ƙasan ƙofa, ba ya shiga sai ya canza riga. Ko budurwarsa ba ta taɓa leƙawa ba. In ka ɗauke tsohuwarsa, da ta zo asibitin ido makonni shida da suka wuce ta ce ya ba ta wuri ta roƙa masa albarkar kakanni, ba wanda ke taka ɗakin sai Vuyisile. Shi ne ma mai ɗayan makullin.

A wurin wankin mota ya same shi, ya watsa masa irin a ƙirji.

"Kai, lafiyarka ƙalau?"

"Ka ga zan ƙwace maka masu saye, shi ne ka kashe ni!"

"Ni? Ni da na ara maka fanka? Mzoxolo, ka shiga hankalinka."

Naushi ɗaya ya fasa masa leɓe. Vuyisile bai rama ba. Ya tofar da jini, ya zare makullin daga zobe ya jefar a ƙasa, ya ce daga yau ko a hanya suka haɗu kada ya gaishe shi. Abotar shekara goma sha ɗaya ke nan ta mutu a gaban masu wankin mota.

Ya koma gareji ya kashe fitilun, ya zauna a kan bokiti. Babu shanu, babu aboki, damina saura wata guda. Tsohuwa da fartanya za ta tunkari gonar masara, da idon da ba ya gani sosai. Kunya ta kama shi. Sai da rana ta karkata sannan ya iya danna lambarta.

"Mama, akwai maganar da zan faɗa miki. Tsiran nan..."

"Sun ɗauka?" ta katse shi. Rabon da ya ji irin wannan murna a muryarta tun babansa na da rai.

"Sun ɗauki me, Mama?"

"Iri mana, ɗana! Da na leƙa na ga mata zalla, ba miji ko ɗaya, na ce oho, yaran birni, zai girbe ya rasa abin shukawa baɗi. Allah ya sa na ƙunso furen namiji daga gida a ɗankwalina, na bi su ɗaya bayan ɗaya na kakkaɓe musu, ko guda ban tsallake ba."